Kalmar da Yaya Rabe Ya Rataya wa Sule

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka ɗauki Yaya Rabe muka kai shi makwancinsa a Maska, ranar wata Laraba da hantsi, lokacin dawa ta fara fitar da kai. Duk shekara in lokacin ya zagayo, tsofaffin ɗalibansa kan kira ni su ce in rubuta wani abu a kansa, tunda ni ne ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, ni kuma na gaji allinsa. Duk shekara ina ba su uzuri. Bana na ce zan rubuta, amma ina jin ba abin da suke jira ba ne. Na san an hore mu da ambaton alherin mamatanmu, kuma zan ambata, don yana da shi da yawa. Sai dai akwai wani mutum a Tsiga, yana nan da ransa, wanda in na yabi Yaya na yi shiru a kansa, na ƙara zaluntarsa ke nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Rabe malamin Turanci ne, ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa a makarantun sakandare na ƙasar Malumfashi da Funtua. Dogo ne siriri, mai tsafta har ta yi yawa, ba ya ɗaga murya ko ransa ya ɓaci. Abin da aka fi yabonsa da shi a zaman makoki shi ne bai taɓa riƙe bulala ba, a zamanin da ake ganin malami marar bulala kamar manomi marar fartanya. Gaskiya ne, bai taɓa dukan kowa ba. Ba ya bukata. Baki shi ke yanka wuya, nasa kuwa ya fi aska kaifi.

Ni a hannunsa na tashi. Da mahaifinmu ya rasu ina aji shida na firamare, shi ya zo ya ɗauke ni daga Maska ya kai ni gidansa, a gidajen malamai na wata makarantar kwana ta maza da ke ƙasar Malumfashi. Shi ya ci da ni, ya tufatar da ni, ya sa ni a makarantar. Ranar da zan fara shiga ajinsa ya ce mini, “Bishir, a gida ni yayanka ne. Da ka tsallaka kwatar nan ni Malam ne, kuma ban san ka ba.” Haka kuwa aka yi. Na ga alherinsa da idona, ba labari aka ba ni ba. Na ga ranar da ya goya wani ɗalibi da maciji ya sara a keke, cikin ruwan sama, har asibiti. In an yi hutu yakan tara yaran Maska a ƙofar gida ya koya musu karatu don Allah. Shi kansa da wahala ya sami Turancinsa, yana tsaron tsuntsu a gonar mahaifinmu yana haddar ƙamus, shi ya sa ba ya son ganin wanda ya raina kalma.

Muna aji huɗu aka kawo mana littafin da za mu yi jarrabawar adabin Turanci a kansa. Ƙagaggen labari ne na mutanen Ingila, an rubuta shi a ƙarni na sha tara, tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Littafi mai kauri, rubutunsa ƙanana kamar tururuwa, labarin wasu manoma da gonarsu ta kuɓuce musu. Mu kuwa 'ya'yan masu noman dawa da auduga ne, Turancinmu bai wuce na gaisuwa da neman izinin fita ba. Kowane shafi sai ka ci karo da kalma goma da ba ka taɓa ji ba, kamar mai cin shinkafar da ba a tsince ba, kowace loma da tsakuwarta. A wasu makarantu malamai kan taƙaita labarin a allo yara su haddace. Yaya ya ce wannan tauna wa yaro abinci ne, shi kuwa ba zai yi ba. Sai mun karanta da kanmu, daga bango zuwa bango.

Dabararsa har gobe ban ga wadda ta fi ta ba. Kafin mu shiga kowane babi yakan zaɓi kalmomi ashirin ya jera a allo. Ba ya fassara su. Sai ya sa a karanta jimlar da kalmar ta fito a ciki, da ta gabanta da ta bayanta, ya ce mu yi hasashe. Yakan ce kalma baƙuwa ce, in kana son sanin ko wace ce, dubi waɗanda ta zauna da su. Bayan nan ne za a buɗe ƙamus a ga wa ya dace. Kowa yana da ƙaramin littafi da yake rubuta kalmar a ciki tare da danginta, wadda ta haife ta da waɗanda ta haifa, sannan ya yi jimla uku da ita a kan rayuwarsa, gonarsu ko kasuwarsu ko akuyar gidansu. Ranar Juma'a sai a koma kan kalmomin makon da ya wuce da na watan jiya, don ya ce gonar da ba a yi wa maimai ba ciyawa ke cinye ta.

A yau ina ganin jikokina suna karatu a waya. In kalma ta yi musu wuya sai su dangwala ta da yatsa, ma'anar ta fito, su wuce. Ka tambaye su bayan la'asar, ta tafi. Nakan yi tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san zai taɓe baki ya ce abin da ya zo a sauƙi a sauƙi yake tafiya, kowa ya ci zomo ya ci gudu. A nan zan ce yana da gaskiya. Amma na san zai ƙara da cewa yaro ba ya riƙe kalma sai ta yi masa zafi. A nan muka rabu da shi, ko da yake ban taɓa samun ƙarfin halin gaya masa ba yana da rai.

Domin akwai kashi na ƙarshe a dabarar, wanda tsofaffin ɗalibai ba sa kawowa a taronsu sai in za a yi raha. Cikin kalmomi ashirin ɗin nan, duk wadda ta shafi halin mutum ko kamanninsa, Yaya kan nemo mata mai ita a cikin aji. Ya tsayar da kai, ya nuna ka, ya ce daga yau har Juma'a wannan ne sunanka, da shi za a kira ka a aji da ɗakin kwana da wurin cin abinci. Akwai wani mai i'ina, shi ya ɗauki kalmar da ke nufin i'ina, kuma sai da aka sa shi ya faɗe ta da bakinsa sau biyar muna ta dariya. Wani mai ɗingishi ya ɗauki tasa. Yawanci in mako ya ƙare sunan kan faɗi, a koma kan wani. Mu kuwa ba ma manta kalmar, don duk lokacin da muka gan ta a shafi fuskar mai ita muke gani. Mai i'inan nan yau babban ɗan kasuwa ne, yana cikin masu cewa Malam ya yi mana gata. Na dai lura har yanzu ba ya magana in mutane sun wuce uku.

Sule ɗan Tsiga ne, benci ɗaya muke zama, kuma shi ne abokin farko da na zaɓa da kaina. Gajere ne baƙi, mai babban kai, wandon makaranta ɗaya gare shi, yakan wanke ranar Asabar ya zauna a ɗaki har ya bushe. Ban taɓa ganin wanda kalma ke shiga kansa kamar Sule ba. Muna babi na huɗu ya gama littafin ya koma farko. Yakan ba mu labarin abin da ke gaba da Hausa a gindin darbejiya, yana kwaikwayon maganar mutanen ciki, har mu ji kamar 'yan Bakori ne muka san iyayensu. Yaya, wanda bai iya yabo ba, ya ɗauki babban ƙamus ɗinsa, wanda ko ni mai share ɗakin da yake ciki ba a yarda in taɓa ba, ya ba Sule aro ya tafi da shi ɗakin kwana. Na yi masa murna a baki. A ciki kuwa kishi ke cina.

Hutun kaka na shekarar na bi shi Tsiga na yi kwana huɗu. A nan na ga abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mahaifinsa, Malam Idi, ɗan ƙwadago ne a gonakin mutane, amma amalanke ta taɓa danne masa ƙugu, ya daina iya sunkuyo. Rumbun gidan babu komai sai yanar gizo. Da safe na ga mahaifiyarsa da ƙannensa sun fita kala a gonakin da aka gama girbi, suna tsintar abin da ya zube. Da yamma na ga Malam Idi ya dogara sanda ya tafi ƙofar wani attajiri inda ake raba zakkar dawa, suka dawo Sule na ɗauke da dami ɗaya a ka. Kaza ɗaya ce a gidan, ita aka yanka mini. Ranar da zan tafi Sule ya raka ni bakin hanya ya ce, “Abin da ka gani a gidanmu, ka bar shi a Tsiga.” Na ce haba, sai ka ce ba ni ba.

Da aka dawo hutu wani sufeto ya zo daga ma'aikatar ilimi, ya zauna a bayan aji yana kallon darasin Yaya. Kalmar “corn” ta fito a babin, Yaya ya ce masara ke nan, ba sai an ɓata lokaci a kanta ba, duk wanda ya fito daga ƙasar nan ya san masara. Sai Sule ya ɗaga hannu. Cikin ladabi ya ce ya duba ƙamus, a ƙasar masu littafin kalmar tana nufin hatsin da suka fi nomawa, wato alkama, kuma a babin baya an ce an niƙa shi an yi burodi. Sufeton, wanda ya yi karatu a can, ya yi dariya ya ce yaron ya yi daidai, ya ce wa Yaya ya yi sa'ar ɗalibi. Yaya ya yi murmushi ya gyara a allo. Ni da na san shi, da na ga murmushin nan na san maganar ba ta ƙare ba.

Kwana biyu bai ta da maganar ba. Rana ta uku muna cin abincin rana a gida, ya tambaye ni kamar ba da wata manufa ba, wai yaya na sami mutanen Tsiga, wace sana'a uban Sule ke yi. Da na ce noma, da na ci gaba da cin tuwona, da shi ke nan. Ban yi haka ba. Na ba shi labarin rumbun, da kalar, da zakkar, da sandar, har da kazar. Na ƙara gishiri inda babu. Ina magana ina jin daɗin yadda, a karo na farko, Yaya ya tsame hannu daga kwano yana saurarena. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ban yarda da rabin farko na karin maganar ba, amma bafaden dai ni ne.

Ranar Litinin kalma ta bakwai a allo ita ce “pauper”. Yaya ya ce yau ba sai an buɗe ƙamus ba, tunda muna da ƙamus mai ƙafa biyu a aji. Ya kira Sule gaban allo. Ya ce ya juya mu ga facin wandonsa. Ya ce ya ɗaga ƙafa mu ga faso. Sannan a hankali, da muryar nan tasa marar hayaniya, cikin Turanci mai sauƙi yadda kowa zai gane, ya bayyana mana cewa akwai talaka, akwai kuma wanda bai kai talaka ba, wanda ba ya ci sai an ba shi, wanda matarsa ke bin bayan masu girbi tana tsintar abin da tsuntsu ya raina, shi kuma yana dogare da sanda a layi a ƙofar masu hali. Ya juya ga Sule ya ce da Hausa, abin da bai taɓa yi a aji ba, “Dami nawa aka ba babanka bana? Ko kuwa alkama aka ba shi?” Ajin ya fashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a ga ban yi ba. Ya sa shi ya rubuta kalmar a allo, ya yi jimla uku da ita a kan gidansu. Sule ya yi, kuma babu kuskure ko ɗaya a cikinsu. Bai yi kuka ba, bai kuma dubi inda nake ba. Da aka tashi ya je ya ɗauko ƙamus ɗin ya ajiye a kan teburin Yaya.

Sauran sunaye kan mutu ranar Juma'a. Wannan bai mutu ba. Bakinmu na Hausawa ya mai da kalmar Fofa, ga ta da daɗin faɗa, har 'yan aji ɗaya suka ɗauka, masu dafa abinci ma suka ɗauka. In an zo rabon tuwo sai a ce a ba Fofa zakkarsa. Wasu suka riƙa zuba masa ƙwayar dawa a aljihu. Ya daure har ƙarshen zangon, bayan hutu bai dawo ba. Sai dai akwai 'yan Tsiga biyu a makarantar, su suka kai sunan gida, ya riga shi zama a garin. Magana zarar bunu ce. Na taɓa ce wa Yaya, Sule fa bai dawo ba. Ya ce wanda kalma ɗaya ta kora, da ma ba zai iya da littafi ba.

Shekarar da muka yi jarrabawa ajinmu ya ci adabin Turanci yadda ba a taɓa gani ba a makarantar. Daga cikinmu aka sami alƙali da likita da manyan ma'aikata, kuma duk in mun haɗu sai a ce Malam Rabe ne ya yi mu. Ba ƙarya ba ne. Ni kaina na yi shekara talatin da biyar ina koyar da Turanci da dabararsa, ban da kashin ƙarshen nan, kuma ɗalibaina sun karanta littattafansu sun ci jarrabawa daidai gwargwado. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ashe ba a bukatar kashin nan ko kaɗan. Hasashe da ƙamus da jimla uku da maimai sun isa. Zafin ƙari ne kawai, don mai yi yana jin daɗinsa.

Sule ya koma ƙwadago a madadin ubansa, daga baya ya shiga dako a fuloti, inda ake awo da sayen auduga, a Funtua, da harkar auduga ta ja baya ya koma lodin buhunan masara a kasuwa. Suna linzami, in ji masu iya magana. Babu wanda ya san shi da Sule. Fofa ne a fuloti, Fofa a kasuwa, 'ya'yansa kuma 'ya'yan Fofa. Mafi yawan masu kiran ba su ma san daga Turanci sunan ya fito ba, sun ɗauka laƙabin wasa ne. Shi ya sani. Na sha hango shi daga cikin mota da buhu a baya, in sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu da ya faɗi.

Shekara talatin bayan nan, Yaya ya riga ya yi ritaya ya koma Maska, ciwon suga ya ci idanunsa. Wata rana ya aika aka kira ni, ya ce, “Yaron nan na Tsiga, abokinka, yana nan da rai?” Na ce yana nan. Ya ce in kawo masa shi ranar Asabar. Na fita daga zauren ina share hawaye, don na ɗauka tsufa da makanta sun tausasa shi, gafara zai nema. Da wannan na je na sami Sule a kasuwa. Karo na farko ke nan da muka yi magana tun muna yara. Na ce masa Malam ba shi da lafiya, yana son ganinsa, ina jin so yake su yafi juna. Ya daɗe yana kakkaɓe ƙurar buhu daga hannunsa, sannan ya ce to, ai ba a ƙin kiran marar lafiya.

Ya zo cikin farar riga wankakkiya da sabuwar hula. Da muka shiga zauren sai na tarar da baƙi, wasu matasan malamai su biyar daga Funtua, sun zo neman shawara a kan yadda ake koya wa yara kalmomi. Yaya na kishingiɗe a kan darduma. Sule ya durƙusa ya gaishe shi. Yaya ya karkata kunne ya ce, “Fofa ne?”

Ya ce, “Ni ne, Malam.”

Ya ce, “Tashi tsaye. Jero mana haruffan kalmar, ka ba mu ma'anarta.”

Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya bakwai, ya miƙe tsaye ya jero haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya ba da ma'anar da Turancin nan nasa mai tsabta, kusan yadda aka faɗe ta a gaban allo. Yaya ya juya wajen baƙin, fuskarsa cike da annuri, ya ce, “Kun ji ko? Shekara talatin. Ɗan dako ne, bai gama makaranta ba, amma ko harafi ɗaya bai faɗi ba. Wannan shi ne koyarwa.”

Ɗaya daga cikin malaman ya rubuta wani abu a littafinsa. Sauran suka sunkuyar da kai. Sule ya tambaya ko akwai wani abu kuma, Yaya ya ce babu, a ba shi fura ya sha. Bai sha ba. Ya sa takalmansa ya fita, na bi shi ina kira, ya ƙi shiga motata, ya taka har bakin titi ya hau mashin. Da baƙin suka tafi na tsaya a kan Yaya, abin da na iya cewa kawai shi ne, “Yaya, na ce masa fa gafara za ka nema.” Ya ce, “Gafarar me?” Kuma na rantse da gaske yake tambaya. Da a ce ya manta ne, da ya fi mini sauƙi. Bai manta ba, abin yana cikin nasarorin da yake tinƙaho da su. Hali zanen dutse.

Bayan shekara biyu ya rasu. Jama'ar da ta zo jana'iza ta cika fili har kan hanya, motoci daga Kaduna da Katsina. Liman ya roƙi duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa, aka amsa gaba ɗaya an yafe. Na duba sahu-sahu, Sule ba ya ciki. Bayan addu'ar bakwai na je Tsiga na same shi a ƙofar gidan nan da na taɓa kwana. Na ce na zo da roƙo biyu, na Yaya da nawa, na fara ba shi labarin abin da na faɗa a kan kwanon tuwo. Ya katse ni ya ce, “Bishir, tun a gaban allo na sani. Wa ya ga babana da sanda, yake kuma cin tuwo da Malam, in ba kai ba?” Ya ce kazar nan ta ƙanwarsa ce, ta yi kwana biyu tana kuka da aka yanka. A kan Yaya ya ce shi ba ya zagin mamaci, amma bakinsa ba zai faɗi abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, ya bar shi da Wanda ya fi sanin su duka. A kaina bai ce komai ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, na sha, na tafi.

Da muka zo rabon kayan Yaya, littattafansa suka faɗo a kasona. A ƙasan akwatin na sami ƙananan littattafansa na kalmomi, na kowace shekara daban, da rubutun nan nasa mai kyau. Kalma a hagu, jimlar da ta fito a tsakiya, a dama kuma sunan yaron da ya ɗauke ta. Na ga sunaye da yawa da na sani. Tsofaffin ɗalibai sun ji labarin littattafan, sun sha neman in ba su a buga don amfanin malaman yanzu. Har yau suna cikin akwatin.

Bara aka gayyace ni alƙalanci a wata gasar karatun Turanci ta 'yan sakandare a Funtua. Wadda ta zo ta ɗaya yarinya ce 'yar shekara sha biyar. Ta karanta shafi biyu na littafin da ba ta taɓa gani ba, ta riƙa fitar da ma'anar kalmomi daga jimlolinsu ba tare da gargada ba. Da na ɗauki takardar shaidarta zan sa hannu sai na ga sunan: Zainab Lawal Fofa. Na tambaye ta ina ta samo sunan ƙarshen. Ta yi murmushi ta ce na kakanta ne, shi ne a katin babanta, shi ne a takardun ƙannenta duka. Ta ce kakan ya gaya musu wani babban malami ne ya sa masa shi a makaranta, don ya fi kowa Turanci a ajinsu. Na ce mata gaskiya ne, ya fi kowa.

Da Yaya na nan, da ya ce ga shaida, kalmarsa ta kai jika. Yanzu ana hana malamai duka, iyaye na kai ƙara in an taɓa yaro, kuma na yi murna da haka. Amma babu dokar da za ta kama irin abin da aka yi wa Sule, don bai bar tabo a fata ba. In na auna abin da ya rage na Yaya, ga ɗimbin mutanen da ya buɗe wa ƙofar littafi, har da ni da ya ciyar ya tufatar. Ga kuma zuri'a guda da ke ɗauke da zaginsa a katin shaida, suna alfahari da shi. Na kasa sa ɗaya ya shafe ɗaya. Ina roƙa masa rahama bayan kowace salla, don shi ne uban da na sani, amma da tsoro nake roƙon, don na san haƙƙin wani ba ya faɗuwa da addu'ar ƙani, balle ƙanin da shi ma ke da nasa kason a ciki.

Kafin in rubuta wannan na koma Tsiga neman izini, tunda sirrin nasa ne. Ya tsufa, buhu ya ranƙwafar masa da baya. Na ce masa in jarida ta fita Zainab na iya gani. Ya ce yarinyar na karatu da yawa, ko ba jima ko ba daɗe za ta ci karo da kalmar a wani shafi ta gane. Gara ta ji daga bakin wanda ya jawo, shi ba zai iya gaya mata ba. Na ce to, in jaridar ta fito zan kawo masa ya duba ko na yi kuskure a wani wuri. Ya girgiza kai.

Ya ce, “Bar ta a wurinka, Bishir. Rabona da karanta rubutun boko tun ina aji huɗu.”